Filin Tambayoyi: Yadda Gaɓar Bishiya Ke Sanar da Taga a Qt

Wasiƙun wannan fitowa duk kan abu ɗaya suka taru, wato bayanai masu rassa da yadda ake nuna su a Qt, kayan aikin gina manhajoji da C++. Kowane abu guda a cikin bishiyar za mu kira shi gaɓa, abin da ke zana shi a allo kuma taga, mai tsayawa tsakaninsu shi ne modal.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta manhaja da C++ wadda ke nuna jihohi 36, ƙarƙashin kowace jiha ƙananan hukumominta. Na gina modal a kan QAbstractItemModel, kuma QTreeView na nuna komai daidai da farko. Amma in wani sashe na manhajar ya canza suna ko ya ƙara gaɓa, allo ba ya motsi sai na rufe na sake buɗewa. Ina kuma son ajin gaɓar ya yi mini aiki a wasu manhajojin. Ina mafita? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Taga ba ta sa wa bayananka ido. Tun Qt 4 a 2005 tsarin haka yake: taga tana tambayar modal layuka nawa ne da abin da ke cikinsu, ta zana, ta yi zamanta sai an aiko mata da sigina. Kai kuwa ka taɓa gaɓa kai tsaye, modal bai sani ba, balle taga.

Kada ka bari gaɓa ta san taga, kada ma ta san QAbstractItemModel, don da zarar ta san shi ta zama ta wannan manhaja kaɗai. Ka rubuta ƙaramin aji na mai sauraro, wanda ba shi da komai sai ayyuka 5 da ba a cika su ba: za a saka, an saka, za a cire, an cire, an canza. Gaɓa ta riƙe manuni, wato adireshi a memori, zuwa uwarta, da jerin 'ya'yanta a std::vector na unique_ptr, da bayananta. Modal ɗinka shi zai gaji mai sauraron ya zama tafinta: "za a saka" ya koma beginInsertRows, "an saka" ya koma endInsertRows, "an canza" ya koma dataChanged.

Saura wa zai riƙe manunin mai sauraro. QStandardItem na Qt kowace gaɓa tana riƙe da modal ɗinta. Mu mun fi son saiwa, wato gaɓar farko da duk bishiyar ta fito daga gare ta, ita kaɗai ta riƙe, gaɓar da ta canza ta bi uwa zuwa kaka har ta isa saiwa. Bishiyarka hawa 2 ce ko 3, hawan ba ya cin komai. Ribar kuwa babba ce: reshen da ba a ɗaura shi a bishiya ba tukuna ba shi da mai sauraro, don haka za ka gina Kano da ƙananan hukumominta 44 shiru, sannan ka ɗaura ta da sanarwa guda, maimakon 45.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne jerin aikin. Sallama kafin shiga ake yi. Aikin saka ɗa dole ya tafi haka: sanar da za a saka, saka shi a jerin, sanar da an saka. A lokacin sanarwar farko rowCount dole ya ba da tsohon adadi, domin taga da masu tace layuka suna gyara lissafinsu ne a kan yadda abu yake kafin canjin. Lambar ƙarshe kuma tana cikin ƙirga. Uwa mai 'ya'ya 4 za a ƙara mata 2 a ƙarshe, to na farko 4, na ƙarshe 5. Wanda ya rubuta 6 ya gaya wa taga layuka 3 ne suka shigo, za ta je neman na ukun da babu shi. Ka ɓoye jerin 'ya'yan a cikin ajin, yadda ba wanda zai iya taɓa shi sai ta waɗannan ayyuka.

Tambaya: Me zai hana kowace gaɓa ta gaji QObject ta riƙa fitar da siginarta? Ai ya fi sauƙi. Daga wata ɗaliba a Maradi.

Amsa: Malama, yana aiki, kuma in gaɓoɓin ba su wuce ɗaruruwa ba babu laifi, musamman in QML, yaren zana allo na Qt, ce za ta karanta su. Sai dai kowane QObject na ɗauke da kayansa na ɓoye a memori, ba a kwafarsa, kuma sai kin haɗa siginar kowace gaɓa da modal lokacin sakawa, kin kwance lokacin cirewa, har da jikokin reshen. Ga shi Q_OBJECT ba ya zama a ajin template, wanda shi ne hanyar da aka fi bi a sa gaɓa ɗaya ta ɗauki bayanai iri-iri. Akwai kuma rikicin mallaka: QObject na goge 'ya'yansa in ya mutu, in unique_ptr ma na riƙe da su, ana iya goge abu sau biyu.

Tambaya: Da na cire reshe sai manhajar ta mutu, amma ba kullum ba. Wani lokaci sai na matsa linzami a kan bishiyar tukuna. Daga wani mai karatu a Kumasi.

Amsa: Ɗan'uwa, wannan "ba kullum ba" shi ya tona asirin. QModelIndex, alamar da taga ke gane gaɓa da ita, ba komai ba ne face lambar layi, lambar ginshiƙi, manunin modal, da tsiraran manuni da ka ba createIndex. Bai mallaki gaɓar ba, bai kuma san ta mutu ba. Ka goge ta, taga na riƙe da adireshinta, sai linzami ya bi ta wurin a nemi bayani daga memorin da aka riga aka mayar. In ba a sake amfani da wurin ba tukuna, sai a tsira, shi ya sa abin ke zuwa yana tafiya.

Ka bi wannan jeri: beginRemoveRows, fitar da gaɓar daga jerin uwarta ka riƙe ta a unique_ptr na wucin gadi, endRemoveRows, sannan ka bar ta ta mutu. Tsakanin sanarwar biyu wasu na iya tambayar waye uwar wannan layi, gara su same ta da rai. Sanarwa ɗaya ta isa reshe duka, ba sai ka bi jikoki ɗaya bayan ɗaya ba.

Ka kuma duba wurare uku. Kada ka ajiye QModelIndex don gobe, QPersistentModelIndex aka yi don haka, shi modal ke gyara masa lamba, ya kuma soke shi in layin ya tafi. In akwai QSortFilterProxyModel, mai tace layuka da jera su, a tsakani, alamar da taga ta ba ka tasa ce, internalPointer ɗinta ba gaɓarka ba ce, sai ka bi ta mapToSource. Na uku aikin parent: ya dawo da layin uwar a cikin kakar, a ginshiƙi na 0, in kuma uwar ita ce saiwa ya dawo da QModelIndex marar komai. Masu PySide da PyQt, wato Qt na yaren Python, kuma su sani createIndex ba ya hana Python share abin da aka ba shi, sai an riƙe gaɓar a wani jeri mai rai.

Kafin ka ɓata dare kana bin sawu, ɗaura QAbstractItemModelTester a kan modal ɗin. Yana cikin sashen Qt Test tun Qt 5.11, layi ɗaya ne, kuma yana bin kowace sanarwa yana duba ko adadin layuka ya yi daidai da abin da ka faɗa. Sa shi a yanayin Fatal, zai tsayar da manhajar a daidai inda aka yi kuskuren.

Tambaya: Bayanaina daga intanet suke zuwa ta wani zare (thread) daban mai gudanar da aikinsa a gefe, ɗaruruwa a daƙiƙa. Manhajar tana ta mutuwa, sai na koma kiran beginResetModel kowane lokaci, mutuwar ta tsaya, amma rassan da mutum ya buɗe sai su rufe. Daga wani injiniya a Kaduna.

Amsa: Injiniya, ka kashe sauro da taɓarya. Sake saiti na gaya wa taga ta manta duk abin da ta sani: zaɓi, rassan da aka buɗe, inda mutum yake. A bar shi sai ranar da aka buɗe sabon fayil gaba ɗaya.

Ainihin matsalar zaren ne. Modal da taga a babban zare suke zaune, kuma sanarwar "za a saka" dole a gama sauraronta kafin a taɓa jerin. In ta fito daga wani zare, layi take shiga tana jira, kafin ta isa an riga an canza bayanan. Kulle da mutex ba ya gyara wannan. Zaren aiki ya gina reshensa a ware, wanda dama ba shi da mai sauraro, ya miƙa shi ta QMetaObject::invokeMethod da Qt::QueuedConnection, babban zare ya ɗaura.

Yawan canjin kuma a tara shi. Gaɓa ta shiga jerin waɗanda suka canza, QTimer ya zo duk milisakan 50 zuwa 100 ya fitar da dataChanged ɗaya ga kowace uwa, daga layi mafi sama zuwa mafi ƙasa. Gefuna biyun dole uwarsu ɗaya. Ka ba shi jerin rawar da ta canza, wato irin bayanin da ya canza, misali Qt::DisplayRole, don in ka bar shi fanko ana ɗauka komai ya canza. In an cire gaɓa kafin agogon ya buga, a fitar da ita daga wannan jeri.

Wani abin da ke cin lokaci a ɓoye shi ne yadda gaɓa ke gano lambar layinta. Misalan koyo suna bin jerin uwa daga farko har su same ta. Da 'ya'ya 44 ba a ji, da 50,000 kuwa ana ji, tunda ana kiran parent ba iyaka. Ajiye lambar a cikin gaɓar, ka gyara ta waɗanda ke ƙasa a duk sakawa da cirewa. In layukanka tsawonsu ɗaya, kunna setUniformRowHeights, taga ta huta da auna kowanne.

Tambaya: Ja da sauke gaɓa a ƙarƙashin uwa ɗaya na kai ta layin da ban nufa ba. Daga wata mai karatu a Garwa.

Amsa: Hajiya, lambar masauki a beginMoveRows ana ƙirga ta ne kafin a ɗauke gaɓar, kuma ma'anarta "a gaban wannan layi". Ɗauke layi na 2 zuwa masauki 4 zai bar shi a layi na 3, in a na 4 kike so ya tsaya sai ki ba da 5. Zuwa sama babu wannan bambanci. Ki kuma duba abin da aikin ya dawo da shi: in ya ce a'a, kamar an nemi sa uwa a ƙarƙashin jikanta ko mayar da gaɓa inda take, kada ki taɓa jerin, kada ki kira endMoveRows. Ki ƙara wa mai sauraron ayyuka 2, za a matsar da an matsar, domin cirewa da sake sakawa na zubar da zaɓin mutum kuma yana rufe reshen da ya buɗe.