Zan iya zana ɗakin karatun yara a waya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙungiyar matan unguwarmu a Bolari, cikin garin Gombe, ta samu kyautar fili, muna so mu gina wa yara ɗakin karatu da wurin wasa. Akwai manhajar da zan zana ginin da ita a waya, mu huta da kuɗin mai zane? Daga wata malamar firamare.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka wa mai filin da alheri. Manhajoji kam akwai, amma cire batun hutawa da kuɗin mai zane daga ranki. Ginin da yara za su cika kullum sai da sa hannun masanin zane mai rajista da ARCON (hukumar rajistar masu zanen gini ta Najeriya), da injiniya mai rajista da COREN (hukumar kula da aikin injiniyoyi), da izinin hukumar tsara birane. Ba mu manta da makarantar da ta rufta a Jos a Yulin 2024 ba, inda mutum 22 suka rasu. Ga kuma zaizayar ƙasa da ke damun Gombe, manhaja ba ta san irin ƙasar filinku ba.

Amfanin na'ura shi ne ku ga ginin, ku yi gardama a kansa, ku daidaita tun ba a sayi buhun siminti ko ɗaya ba. Fuskar waya ta yi wa wannan aiki ƙanƙanta, ki ari kwamfuta ki sauke Sweet Home 3D. Kyauta ce, kuma da zarar ta sauka ba ta neman data. Filin kuwa a auna shi da tef, don GPS ɗin waya yakan kauce da kusan mita 5.

Abin da ya fi burge ni a manhajar shi ne tana barin mutum ya "shiga" ginin ya zaga, kuma ana iya saita tsayin idon mai zagawar. Ki mayar da shi mita 1, wato kusan tsayin ɗan shekara huɗu. Nan take za ki ga tagar da kuka yaba sama kawai take nuna wa yaro, kantar littattafai kuma ta fi ƙarfin hannunsa. Sai ki sauko da taga, ki sa dakali a gindinta.

Sannan ki saita kamfas ɗin manhajar, ki ce ta fitar miki da hoton ginin da ƙarfe uku na yamma a watan Afrilu. Bangon yamma ne zai sha rana, can ake son baranda da bishiyar dogon yaro. Ki nemi hotunan firamaren Gando a Burkina Faso, wadda Francis Kéré ya gina a 2001 da tubalin ƙasa: ya ɗaga kwano sama da silin don iska ta kwashe zafi, mutanen ƙauyen ne kuma suka yi aikin. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gini, a 2022.

Tambaya: To yaran fa, yaya za mu ji ra'ayinsu?

Amsa: Tun 2012 hukumar UN-Habitat, mai kula da matsugunai a Majalisar Ɗinkin Duniya, ke amfani da Minecraft, wasan kwamfuta na gini da tubala, a shirin Block by Block, mazauna unguwa su gina filin da suke so a cikin wasan, masana su ɗauka daga nan. Minecraft na kuɗi ne, amma Luanti, wasa irinsa wanda a da ake kira Minetest, kyauta ne kuma yana aiki a Android. Ki raba yaran gida-gida, ki ware wa 'yan mata nasu rukunin, in ba haka ba maza za su ƙwace wayar su mayar da filin duka na ƙwallo. Ki ɗauki hoton abin da kowane rukuni ya gina, ki haɗa da zanenki ki kai wa mai zane.