Silindar kuloci ta ƙasa: sabuwa ko gyara, kuma aikin zai yiwu a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Fedar kulocin motata ta yi laushi, wani lokaci takan kwanta ƙasa sai na ɗago ta da ƙafa, giya kuma tana gardamar shiga. Na ga mai yana ɗiga ta gefen giyabos, aka ce silindar ƙasa ce. Zan iya canza ta da kaina? Sabuwa zan saya ko robobin ciki kawai?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, kafin ka sa hannu a aljihu, leƙa ka ga irin wadda motarka take da ita, domin iri biyu ne. Akwai wadda take waje, a manne da jikin giyabos da noti biyu, tana tura cokalin kuloci, wato ƙarfen da yake sakin kuloci idan an taka feda, da ɗan sanda. Wannan aikin gida ne, wuni ɗaya ma ya yi mata yawa. Akwai kuma wadda take can ciki, a haɗe da boris ɗin kuloci, ta zagaye sandar giyabos. Ita ba a kai gare ta sai an sauke giyabos gaba ɗaya. In irin wannan ce taka, kai wa bakanike, kuma ka bari a canza faifan kuloci a lokaci guda, tunda sauke giyabos sau biyu ya fi faifan tsada, ga shi man da ya tsiyaya yakan jiƙa faifan ya lalata shi.

In ta waje ce taka, sai ka tabbatar ita ce mai laifin. Ja robar da ta rufe bakinta baya: in ka ga mai a ciki, ta tafi. Sannan ka sunkuya ƙarƙashin sitiyari da tocila ka dubi inda feda take tura silindar sama, wadda makanikai ke kira masta. Damshi a wurin, ko a kan kafet, yana nufin ita ma tana yoyo.

Batun saye, ni dai sabuwa nake ba da shawara. Robobin ciki suna da araha, amma suna amfani ne kawai in ramin da fistin yake kai-komo a ciki yana nan sumul. In tsatsa ta ci shi, sabuwar roba ma ba za ta daɗe ba. Ta hannu kuwa, wadda aka kwance daga wata mota, robarta ta tsufa kamar taka. Kuɗinka kawai za ka zubar. Ka saya da lambar jikin motarka, ka ajiye sabuwar kusa da tsohuwar ka gwada tsawon sanda da bakin bututu kafin ka ɗaura. In masta sa'ar wannan ce, wato tare suka zo da motar, ka yi tunanin canza su duka, don mai ɗaya suka sha tsawon shekarun nan.

Wajen aikin, kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, ka sa mata matokara masu ƙarfi. Fara sassauta notin bututun mai tun silindar tana ɗaure, da sifanar bututu mai ɗan tsagi a baki, don sifana ta gama-gari tana cinye kan notin. Kuma kada kowa ya taka feda alhali an cire silindar daga jikin giyabos, fistin zai yi tsalle ya fito. Wasu sababbi suna zuwa da ɗan madaurin roba da ya riƙe sandar. Bar shi, takun feda na farko zai tsinka shi.

Tambaya: Wane mai zan saya, kuma sai na sayi na'urar zuƙe iska?

Amsa: Man birki ne, kuma abin da aka rubuta a murfin ɗan tankin da ake zuba man kuloci shi za ka bi, galibi DOT 3 ko DOT 4. Ka kiyayi DOT 5, na silikon ne, ba ya gauraya da su, DOT 5.1 kuwa danginsu ne duk da kamar sunan. Man inji ko na sitiyari, ko ɗigo ɗaya, yana kumbura robobin. Sayi ƙaramar gora a rufe, domin man nan yana shan danshin iska da zarar an buɗe shi, kuma yana cin fenti, in ya zuba a jikin mota ka wanke da ruwa nan take.

Bayan canza silinda dole a fitar da iskar da ta shiga bututun mai, amma na'urar ba dole ba ce ga mai mota ɗaya. Tiyo siriri da ake ganin cikinsa, kwalba, da mutum ɗaya mai haƙuri a kujerar direba sun isa.

Tambaya: Na ɗaura sabuwa, na yi ta fitar da iska, amma fedar tana nan kamar soso. Ko jabu aka sayar mini?

Amsa: Da wuya. Kusan kullum iska ce ta maƙale, kuma kuloci ya fi birki taurin kai a nan, saboda iska sama take so, kai kuma ƙasa kake kora ta.

Sake yi a tsanake. Cika tanki, sa tiyo a kan ɗan nonon fitar da iska, wato ƙaramin noti mai huji da yake jikin silindar ƙasa, ɗaya bakin a nutse cikin mai a kwalba. Mataimakinka ya taka feda a hankali ya riƙe ta a ƙasa, ka buɗe nonon kaɗan, mai da kumfa su fita, ka rufe, sannan ya saki. Sau da yawa fedar ba ta dawowa da kanta, sai ya ɗago ta da hannu, wannan ba matsala ba ce. Kuskuren da aka fi yi shi ne sakin feda nonon yana buɗe, ko bugun ta da sauri har mai ya zama kumfa.

Ga wani tarko da yake kama mutane da yawa: a motocin da birki da kuloci suke shan tanki ɗaya, bututun kuloci yana sama-sama a jikin tankin, da gangan, don in kuloci ya yi yoyo kada birki ya rasa mai. Sai ka ga mai a tanki ka ɗauka ya isa, alhali kuloci iska yake zuƙa. Ka riƙa ƙara mai bayan kowane taku uku ko huɗu.

In duk da haka bai yi ba, juya aikin: cika babban sirinji da mai, haɗa shi da nonon, ka tura man daga ƙasa zuwa sama a hankali, kana rage na tanki don kada ya malala. Za ka ga kumfa tana fitowa a tankin. Bayan nan tada inji, taka kuloci, ɗan jira, ka sa ribas. In ya shiga ba ƙara, an gama. In fedar ta yi ƙarfi amma tana sulalewa ƙasa idan ka riƙe ta, ba kuma ɗigon mai ko'ina, to masta ce take sakin mai ta ciki, ita za ka canza.