Filin Tambaya da Amsa: Famfon Tukunyar Tururi da Ya Ƙi Daɗewa

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wani mai kula da injuna a wata ƙaramar masana'antar gyaran shinkafa da ke bayan garin Argungu. Na taƙaita ta, amma ban taɓa ma'anarta ba.

"Assalamu alaikum Malam Injiniya. Muna da tukunyar tururi da muke gumi da ita, ɓuntu muke ƙona mata. Tana ba da tururi tan ɗaya a awa, gejin matsi kuma yana tsayawa a bar 8. Daga kaka zuwa yau famfo uku muka canza. Na farko irin na ban ruwa ne, yana ta juyawa amma ko ɗigo bai shiga tukunya ba. Aka kawo mana wani ƙarami mai farfela kamar haƙoran zarto. Ya yi aiki lafiya, sai da muka fara mayar da ruwan zafi cikin tanki ya soma ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ƙarfinsa ya ragu. Na uku kuwa kwayil ɗinsa ne ya ƙone. Maigida ya ce ko dai kayan jabu ne, ko mu ne ba mu iya ba. Ina gaskiyar take?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ruwa ba ya tsami banza. Famfunan nan uku kowanne da abin da ya kashe shi, kuma a cikin bayaninka ban ga alamar jabu ba.

Na farko bai mutu ba ma, aikin da ba nasa ba aka ba shi. Injin ban ruwa mai inci 3, irin wanda ya cika fadamun Argungu da Suru da Bunza lokacin noman rani, yana iya kwaso ruwa kusan lita 1,000 a minti ɗaya, amma ƙarfin turawarsa bai wuce tsayin mita 25 zuwa 30 ba. Tukunyarka kuwa a bar 8 take, kowane bar ɗaya kuma daidai yake da tsayin ruwa na kusan mita 10. Ka ga ke nan famfon da zai shigar mata da ruwa sai ya rinjayi mita 80 da 'yan kai, a ƙara da abin da bututu da bawul suke ci, a ce mita 100. Ruwan da take sha kuma ɗan kaɗan ne: tan ɗaya na tururi a awa lita 1,000 ne na ruwa a awa, wato kamar lita 17 a minti. Abin da injin fadama zai zubar a minti ɗaya shi ne abincin tukunyarka na awa guda. Ba yawa take nema ba, ƙarfi take nema.

Wanda ya kawo muku mai haƙoran nan ya san abin da yake yi. A takardun kamfani za ka ga sunansa rijanaretif ko ferifiral, ni dai a bakin aiki mai haƙora nake ce masa. Farfelarsa faifai ce mai ƙananan haƙora da yawa a gefenta, tana juyawa a cikin wata siririyar hanya da ta zagaye gidan famfon. Injin ban ruwa sau ɗaya yake wurga ruwa ya sake shi. Wannan kuwa haƙori ya wurga ruwan, ya bugi bango ya dawo, wani haƙorin ya cafe ya sake wurgawa, ruwan yana tafiya yana murɗewa kamar igiyar da ake tufka, har ya kusa zagaye gidan gaba ɗaya kafin ya samu ƙofar fita. Kamar majaujawa ce: kowane zagaye ƙara mata ƙarfi yake yi. Shi ya sa farfelar da ba ta fi faɗin tafin hannu ba take ba da matsin da ya ninka na famfon ban ruwa mai girmanta sau da yawa. Ɗan ƙaramin famfon nan mai rabin doki da ake hawar da ruwa tankin gida da shi ma danginsa ne, sai dai shi don ruwan sanyi aka yi shi, kada wani ya yi sha'awar arharsa ya kai shi bakin tukunya.

To me ya sa na biyu ya yi kukan tsakuwa? A nan ne nake so ka natsu, domin mafi yawan masu gumi a nan suke asara.

Ruwa yana tafasa a digiri 100 ne idan iskar duniya tana danne da shi yadda ta saba. Idan matsin da ke kansa ya ragu, tun bai kai 100 ba zai tafasa. Bakin famfo kuwa, wurin da yake zuƙo ruwa, nan ne matsi ya fi raguwa. Nauyin iskar da ke kanmu daidai yake da tsayin ruwa mita 10. Ruwa mai digiri 30 bai cin ko rabin mita daga ciki, saura duk na famfo ne. Idan ya kai digiri 80 ya cinye kusan mita 5. A digiri 90 ya cinye fiye da 7, abin da ya rage bai kai mita 3 ba. Idan tankinku a ƙasa yake, famfo yana jan ruwa ta siririn bututu mai lanƙwasa biyu ko uku, wannan 'yar ragowar ta ƙare. Sai ruwan ya tafasa a bakin farfela, ƙananan kumfan tururi su fito, da sun shiga wurin matsi su fashe da ƙarfi a jikin ƙarfe. Ƙarar da kuka ji ke nan. Idan ka kwance famfon za ka tarar da haƙoran sun yi zanzana. Mai haƙora ya fi sauran famfuna haƙuri da kumfa, yana iya turawa ko da akwai iska a ruwan, amma haƙurinsa yana da iyaka.

Kada ku daina mayar da ruwan zafin. Dabara ce mai kyau. Duk digiri 6 da aka ƙara wa ruwan da ke shiga tukunya yana rage makamashi da kusan kashi 1 cikin 100, kuma zafi yana korar iskar da ke narke cikin ruwa, wadda ita ce ke cin tukunya da tsatsa daga ciki. Abin da za ku gyara shi ne mazaunin tanki. Ku sa mai walda ya yi masa ƙafafu, ƙasan tankin ya ɗara bakin famfo da mita 2 zuwa 3, ruwa ya riƙa gangarowa da kansa. Bututun shiga ya zama gajere, miƙaƙƙe, ya fi bakin famfon faɗi. A takardar famfon akwai adadin tsayin da kamfani ya ce yana buƙata a bakin shiga. Ku duba shi, ku ba shi fiye da haka.

Akwai abokin gaba na biyu da ba ka ambata ba, amma na san ƙasarmu: yashi. Tazarar da ke tsakanin farfela da bangon famfon nan ba ta wuce kaurin silin gashi ɗaya ko biyu ba, kuma ƙarfinsa duka a kan wannan matsatsin ya dogara. Ruwan gulbi, ko na burtsatsen da ke kawo rairayi, a 'yan watanni zai goge wurin ya buɗe, famfo yana juyawa geji yana sauka. Ga tokar ɓuntu da ke tashi ta faɗa tankin da ba a rufe ba, ita kuma tokar shinkafa kusan duk sinadarin yashi ce, kamar sanfefa take. A rufe tanki, a bar masa bututun numfashi, a tace ruwa tun kafin ya shiga cikinsa, rariyar bakin famfo kuma ta zama babba, a riƙa wanke ta, domin toshewarta ma tana jawo kukan tsakuwar.

Na uku, mai ƙonannen kwayil, na ɗauka shi ma mai haƙora ne. Je ka tambayi yaron da ke tsaron dare yadda yake rage ruwa idan tukunya ta cika. Na yi imani bawul ɗin fita yake matsewa. A fadama haka aka koya, kuma a can daidai ne, domin injin ban ruwa idan ka toshe bakinsa nauyi raguwa yake yi masa. Mai haƙora akasin haka yake. Duk yadda ka matse shi matsi yana hawa, wutar da moto ke ja tana hawa, inda ya fi shan wahala shi ne lokacin da aka rufe bawul ruf. Na taɓa zuwa wata masana'anta a watan Afrilu, ana tsakiyar zafin bazara, sun naɗa kwayil sau uku suna zargin mai naɗin. Na maƙala mitar awon wuta a wayar moton, na ce wa mai aikin ya yi yadda ya saba. Yana murɗa bawul, lambar tana tashi a gaban idonsa har ta wuce wadda ke rubuce a jikin moton. Tun daga ranar bai sake ba. Gani ya kori ji.

Maganinsa a sa ɗan bututun da zai mayar da rarar ruwa tanki, da bawul mai sifirin da ke buɗewa da kansa idan matsi ya yi yawa. Ko kuma a bar na'urar awon ruwa ta riƙa kunna famfo tana kashewa. A sa wa moto na'urar da ke yanke wuta idan ya ja fiye da ƙima, a saita ta a kan lambar da ke jikinsa.

Ka lura da janareta ma. Wutarmu mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, moton yana juyi kusan 2,900 a minti. Idan injin casa ya danne janareta ta sauka zuwa 45, famfo zai rasa kusan kashi 19 cikin 100 na matsinsa. Famfon da aka ƙera don Amurka, inda wuta take 60, idan ya zo nan bai fi kashi 70 cikin 100 na matsin da aka rubuta masa zai bayar ba. Kafin ka biya kuɗin na hannu, karanta farantin jikinsa.

Batun sil kuma, wato abin da ke hana ruwa yoyo ta inda sandar farfela ta ratsa gidan famfo, robar da ke cikinsa iri-iri ce. Baƙar roba ta yau da kullum tana fara gajiya wajen digiri 90 zuwa 100. Don ruwan zafi nemi mai robar EPDM, amma ita mai ne ke lalata ta. Robar Viton kuwa gwanar mai ce, tana jure har kusan digiri 200, sai dai ba ta shiri da tafasasshen ruwa da tururi. Masana'antun da ke ɗumama injuna da mai mai zafin da ke kai wa digiri 300 sukan bar sil gaba ɗaya, su koma famfon da maganaɗisu ke juya farfelarsa ta bayan rufaffen bango. Kuma famfo mai sanyi ba a sakar masa ruwan zafi farat ɗaya. Farfelar tagulla ta fi gidan baƙin ƙarfe saurin buɗewa, tana iya cijewa. A bar ruwan ya ratsa shi a hankali tukuna.

Abu ɗaya zan roƙi maigidanku: ya sayi famfo biyu, a haɗa su gefe da gefe. Wutar ɓuntu ba ta mutuwa da murɗa makunni. Tururi a bar 8 zafinsa ya kai digiri 175. Idan famfo ya tsaya har ruwa ya ɓace a gilashin awo, kada kowa ya tura ruwa cikin tukunyar da ƙarfenta ya yi ja. A janye wuta, a nisanta, a bar ta ta huce. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015 injunan gumi suka yawaita a jihar nan, kuma da yawan yaran da ke tsaye gaban tukunyoyin ba wanda ya taɓa zaunar da su ya faɗa musu wannan. Abin yana damuna ƙwarai.

Sai wata gajeriyar tambaya daga wata Hajiya mai wurin ɗura gas na girki a Jega: "Famfonmu irin mai haƙoran nan ne. Da safe lafiya lau, da rana ta take sai ya riƙa huci ya kasa cika tukunya."

Hajiya, barka da ƙoƙari. Ciwon ɗaya ne da na mutumin Argungu, duk da naki ruwan ba zafi gare shi ba. Gas ɗin girki gaurayen abu biyu ne, ɗaya yana tafasa a digiri 42 ƙasa da sifili, ɗayan kusa da sifili. Matsin tanki ne kaɗai ya riƙe shi a matsayin ruwa, kullum a bakin tafasa yake. Rana ta gasa bututun da ke tsakanin tanki da famfo, sai ya koma iska tun bai isa ba. A yi wa bututun inuwa, a shafa masa farin fenti, a gajarta shi, famfo ya zauna ƙasa da tanki. Bututun rara ya koma cikin tankin ta sama, kada a mayar da shi bakin famfo. Moton ya zama irin wanda ba ya fitar da tartsatsi, aikin kuma ƙwararren gas ne zai yi shi bayan an zuƙe layin. Yaran da ke ɗurawa su sa safar hannu, domin idan ruwan gas ya fesu a fata sanyinsa ƙuna yake yi.