Jinina Na Hawa A Gaban Likita, A Waje Kuma Lafiya Ƙalau

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne ɗan shekara 54 daga Ƙofar Sauri, Katsina. Duk sanda aka auna ni a asibiti sai a ga 160/95 ko kusa da haka, amma a kemis ɗin unguwarmu 128/80 nake samu. Wanne zan kama? In fara shan magani?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Mai yiwuwa duka biyun gaskiya ne. Akwai mutanen da zama gaban likita kaɗai ke tayar musu da jini, ko ba su ji tsoro a ransu ba. Jiki ne ke sakin sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyin jini su tsuke, awo ya haura. Da an bar wurin sai ya sauka.

Amma kafin a ɗora wa faɗuwar gaba laifi, a duba yadda aka yi awon. An sha rana, an bi layi, ana kiran mutum ya zauna sai a ɗaura masa madauri. Dole lamba ta yi sama. Ƙa'ida ita ce ka huta minti 5, bayanka a jingine, tafin ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu bisa tebur daidai da ƙirji. Ka rage fitsari tukuna, don cikakkiyar mara na ɗaga awo. Goro, shayi, kofi da sigari a bar su minti 30 kafin nan. Kada ka yi magana, ko gaisuwa ce ta jira, duk da mun san wannan da wuya ga Bakatsine. Madaurin ya zauna kan fata, ba kan riga ba, kuma in ya yi wa damtse kaɗan zai nuna fiye da gaskiya. Mai kaurin hannu ya nemi babba.

Awon kemis na lokaci-lokaci bai isa hujja ba. Ka samu na'ura ta damtse, ba ta wuyan hannu ba, ka kai ta asibiti a gwada ta da tasu. Sai ka yi kwana 7 kana awo: sau 2 da safe kafin karin kumallo, sau 2 da dare, minti ɗaya tsakani, kana rubutawa. Watsar da na ranar farko. Saura awo 24: haɗa lambobin sama ka raba da 24, haka na ƙasa. A asibiti iyakar ita ce 140/90, a gida 135/85. In sakamakon awonka na gida ya faɗo ƙasa da 135/85, ganin likita ne kawai ke tayar maka da jini. In ka kai ko ka wuce, hawan jini ne na ainihi. Kai wa likita takardar, shi zai yanke.

Kada ka fara magani da kanka. Mai jini daidai in ya sha, jiri na iya ɗibarsa in ya miƙe, har ya faɗi, balle a zafin bazara. Sai dai kada ka saki jiki: masu irin wannan sun fi saura yiwuwar kamuwa da na ainihi nan gaba, don haka a maimaita awon gida duk shekara, a rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano.

In awo ya kai 180/120 tare da ciwon ƙirji, matsanancin ciwon kai, gani dishi-dishi ko mutuwar ɓarin jiki, ba batun jiran kwana 7. Asibiti nan take.