Walimar Biki a Fili Cikin Watan Agusta

'Yar'uwa, kin tambaya ko za a iya yin walimar bikinki a fili a Kano cikin Agusta. Za a iya, amma a watan ne damina ta fi ƙarfi, kuma hadari yakan taso daga gabas, sau da yawa da yamma, da iska a gabansa. Iskar ce ta fi damuna, domin takan tumɓuke rumfa tun kafin ɗigon farko ya sauka. Saboda haka a kafe ƙafafun rumfar sosai, a ɗage wayoyin lantarki daga ƙasa. Shawarata ita ce a fara taron da hantsi, a bi hasashen hukumar kula da yanayi ta Najeriya, wato NiMet, sannan a kama ɗakin taro a kusa tun yanzu saboda tsofaffi da masu goyo.