Kafada ta daina ciwo ba shi ne ta shirya ba

Ka turo min cewa "Oga, wata uku ban taba baka ba, likita ya ce kafadar ta warke, in dauko bakana in shiga gasar harbin kibiya mai zuwa?" To dana, da wannan bakan dai a'a wallahi.

Warkewar da likita yake nufi ita ce ka daga hannu ka sa riga, ka yi tuki daga Kawo zuwa Barnawa ba ka yamutsa fuska ba. Harbi kuwa wani abu ne daban, nauyin jan bakanka laba 38 ne a yatsunka, zagayen mita 70 kibiya 72 ne ban da na gwaji, kowace daya sai ka ja tsirkiya har haba ka tsaya cak kana jiran kilika, 'yar na'urar nan da ke nuna ja ya cika, ta yi kara, kuma kananan tsokoki hudun nan da suke rike da kan kashin kafada, su da suka kwana wata uku ba aiki, su ne za su sha wannan wahalar. Kibiya 20 na farko lafiya lau za ka ji. A ta 50 ne kafadar gaba za ta fara hawa wajen kunne, ka bar ja da tsokar baya ka koma ja da hannu, daga nan ciwon yake dawowa.

Ka fara da roba gaban madubi kamar sati biyu, kana kallon allon kafadarka yana matsawa ciki. Kar ka ce za ka sassauta kusoshin bakan kawai, abin da suke ragewa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, in ka zarce kuma reshen bakan, wato bangaren nan mai lankwasawa na sama ko na kasa, na iya subucewa ya fasa maka fuska. Rassa masu laba 22 zan ara maka, na yara ne eh, in abokanka sun yi dariya su yi.

Sai ka tsaya mita 5 da allon harbi ba takarda ba maki, kibiya 30, gobe hutu. Kibanka za su yi wa wannan bakan tauri, ba za su taru wuri daya ba, kyale su, ba abin da muke dubawa kenan ba yanzu. Alkalinka safiyar washegari ce, gajiya a tsoka ba komai, amma in ka ji suka kamar allura a kan kafada ko ta hana ka kwanciya ta gefen, ka koma baya ka je wajen mai gashin kashi. Kuma don Allah ban da hadiyar maganin ciwo don ka samu ka yi harbi, na ga yaran da suka yi haka. Karin nauyi laba 2 kacal a lokaci guda, sannan ka rika kara nisa, mita 18, 30, 50.

Ga hunturu ya shigo, sanyin asuban Kaduna ba a jan baka da danyen jiki, minti 10 na motsa kafada tukun.

Gasar nan ka bar ta ta wuce. Ta mita 18 mai kibiya 60 za mu sa a gaba, babu iska babu nisa. Ran Asabar bayan la'asar ka zo da robarka, rassan 38 din kuma ka kawo su nan shago in ajiye, na san halinka.