Ribar 2022: Littafi Ya Ce An Ci, Sito Ya Ce An Yi Asara

Wani ɗan kasuwa ya aiko da tambaya daga Kano, ga ta a taƙaice: "Assalamu alaikum. Ina da shago a Kasuwar Singa, ina sayar da fulawa da sukari da man girki. Uwar kuɗin ta Yayana ce, ni da juyawa, riba a raba biyu. Yanzu muna son mu zauna mu rufe lissafin baya, sai muka cije a kan shekarar 2022. Na shiga shekarar da buhun fulawa 600 a sito, na fita da 430, alhali littafi ya nuna an ci riba, har mun raba. Yaya yana ganin ko na yi sakaci, ko yaran shago sun yi mini ta'adi. Ni kuwa na ce masa yaƙin Yukiren ne. Wa ke da gaskiya, kuma yaya za mu yi lissafin?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin a je Yukiren, ka fara ƙirga sito da rasit ɗaya bayan ɗaya, don idan akwai ɓera a cikin shago ba Rasha ce za ta ɗauki laifinsa ba. Idan abin da ya shigo da abin da ya fita sun yi daidai, to buhunan nan 170 ba sace su aka yi ba. Da hannunka ka sayar da su a farashin da ba zai iya dawo da su ba, kuma kai da Yaya kuka raba wani ɓangarensu da sunan riba.

Bari in kwatanta maka da ƙiyasi, kai ka sa ainihin kuɗin daga rasit ɗinka. Mu ƙaddara buhu yana kan naira 20,000 a Janairu, ya kai 30,000 a Disamba. Buhu 600 na farkon shekara miliyan 12 ke nan. Buhu 430 na ƙarshenta miliyan 12 da dubu 900. Duk wanda ya kalli littafi zai ce ma sha Allah, bayan abin da aka raba ma ga rara. Amma ka je wurin dila ka ce ya loda maka 600 kamar yadda kake da su a da, miliyan 18 zai nema. Tsakanin abin da ke hannunka da wannan akwai miliyan 5 da dubu 100, kuma shi ne ramin da Yaya yake gani da ido in ya leƙa sito.

Yadda ramin yake haƙuwa kuwa a hankali ne. Ka saro buhu 100 a 20,000, ka ɗora ribar 700 kamar yadda ka saba, ka sayar cikin kwana goma, ka riƙe naira 2,070,000. Ka kira dila, ya ce kamfani ya yi ƙari, yau 22,000. Kuɗin nan buhu 94 zai ba ka. Littafi ya rubuta ribar 70,000, sito ya rasa buhu shida, kuma babu wanda ya ga fitarsu. A shekarar da aka yi ta ƙari kusan duk bayan 'yan makonni, ka lissafa sau nawa aka yi maka wannan. Bashi ya fi haka ciwo. Mai gidan burodi ya ɗauki buhu 50 a 22,000, ya biya bayan wata biyu, cif-cif, ko sisi bai rage ba, har ka yi masa godiya. A ranar buhu ya kai 25,000, don haka buhu 44 ya dawo maka da su.

To ina yaƙin ya shigo? Ya shigo, kuma da ƙarfinsa. Ranar 24 ga Fabrairu 2022 Rasha ta afka wa Yukiren. Ƙasashen biyu su ke fitar da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na alkamar da ake cinikinta tsakanin ƙasashe, Yukiren kuma ita ce kan gaba wajen fitar da man sanfulawa. Tasoshin jiragen ruwa na Bahar Aswad, irin su Odesa, suka rufe, hatsi ya maƙale a rumbuna. A watan Maris farashin alkama a kasuwar Chicago ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, ma'aunin farashin abinci na hukumar FAO ta Majalisar Ɗinkin Duniya shi ma haka. Daga nan kowa ya fara shafa wa gemunsa ruwa. Indonesiya, wadda ta fi kowa manja a duniya, ta hana fitar da shi a ƙarshen Afrilu. Indiya ta hana fitar da alkama a Mayu. Mu kuwa kusan duk alkamar da kamfanoninmu ke niƙawa daga waje ake kawo ta, abin da ake nomawa a Kadawa da Hadeja da sauran wuraren noman rani bai kai ya cika cikin injinan ba. Don haka da ka ce wa Yaya yaƙi ne, ba ƙarya ka yi ba.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. A ranar 22 ga Yuli aka sa hannu a Istanbul kan yarjejeniyar fitar da hatsin Yukiren, da shiga tsakanin Turkiyya da Majalisar Ɗinkin Duniya. Jirage suka fara fita a farkon Agusta, kuma a lokacin farashin alkama a duniya ya riga ya sauko kusa da inda yake kafin yaƙi. Indonesiya ma ba ta cika wata guda ba ta ɗage haninta. Duba rasit ɗinka na Agusta da Satumba: buhun fulawa ya sauko a Singa? Na san amsar. Abin da ya riƙe shi a sama dala ce da gas na mota, kuma su ne suka fi cin buhunanka.

Labarin dala daga Amurka ya faro. Tsadar kaya a can ta kai kashi 9.1 cikin 100 a watan Yuni, abin da rabonsu da gani shekara arba'in. Babban bankinsu ya ɗaga kuɗin ruwa sau bakwai tsakanin Maris da Disamba, daga kusan sifiri zuwa sama da kashi 4 cikin 100. Masu manyan kuɗi na duniya suka kwashe dukiyarsu daga ƙananan ƙasashe suka nufi inda ya fi tsoka, dala ta yi tsada a ko'ina. Yuro kansa sai da ya yi kunnen doki da dala a Yuli, karo na farko cikin shekara ashirin, kuma da yake sefa a jikin yuro take ɗaure, abokan cinikinka na Maraɗi da Damagaram su ma sun ji a jikinsu. Masar ta karya darajar kuɗinta har sau biyu a shekarar. Sidi na Ghana ya zube warwas, har a Disamba gwamnati ta ce ta dakatar da biyan yawancin basussukanta na waje.

A wurinmu abin ya zo da ban takaici na musamman. Gangar ɗanyen mai ta haura dala 120, lokacin da ya kamata a ce kakar Najeriya ta yanke saƙa. Amma satar mai da fasa bututu sun sa abin da ake haƙowa ya faɗi ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana a Agusta da Satumba, abin da ya shigo kuma tallafin fetur ya lamushe babban rabo. Dala ta yi ƙaranci. A wurin 'yan canji na Wapa an shiga shekarar tana ƙasa da naira 600, an fita tana sama da 700, bayan wani tsalle da ta yi ta haura 800 a farkon Nuwamba, kwanaki kaɗan bayan Godwin Emefiele, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, ya sanar a ranar 26 ga Oktoba cewa za a sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1,000. Masu kuɗi a ɓoye suka ruga canji. Kamfanin da ke shigo da alkama da dala yake biya, kuma abin da banki bai ba shi ba a kasuwa yake nema.

Gas kuwa, da yake babu tallafi a kansa, kai tsaye ya bi farashin duniya: daga ƙasa da naira 300 lita a Janairu zuwa sama da 800 a Disamba. Injin niƙa gas yake sha, tirelar da ta ɗauko kaya daga Legas gas take sha, janaretan gidan burodin da ke karɓar fulawarka bashi shi ma haka. Ba mamaki a Yuli masu burodi suka ajiye aiki na wasu kwanaki. Sai ga ambaliya a kai, wadda ba a ga irinta ba tun 2012. A farkon Oktoba ruwa ya shafe hanya a wajen Lokoja da Koton Karfe, manyan motoci suka yi kwanaki a jere ba gaba ba baya. Idan akwai makon da ka sayar da ragowar kayanka a tsohon farashi kana jiran mota, mai yiwuwa shi ne.

Sauran manyan labaran shekarar, rasuwar Sarauniya Elizabeth a Satumba da gasar cin kofin duniya a Qatar, sun cika rediyo amma ba su taɓa sitonka ba. Rushewar kasuwar kirifto ta FTX a Nuwamba ta taɓa ka ne kawai idan wani ɗanka ya ɗauki kuɗin shago ya saka. Kullen korona da aka yi wa birnin Shanghai na China a Afrilu da Mayu 'yan kasuwar yadi ta Kwari da 'yan kasuwar waya ta Farm Centre ya fi shafa.

Akwai darasin da mutane da yawa suka ɗauka daga 2022 wanda ban yarda da shi ba: wai da an ji yaƙi a rediyo a ruga a cika sito a kulle. Ban da abin da malamai suka faɗa kan ɓoye abinci don ya yi tsada, lissafin kansa ba ya fita kullum. Na san wani da ya ci bashi ya tara jarkokin mai da jin labarin Indonesiya. Kafin ya juya an ɗage hanin, kuɗinsa suka kwanta watanni, kuɗin haya da na gadi suna ta ci. Abin da ya cece shi faɗuwar naira ce, ba dabararsa ba. Farashin da tsoro ya ɗaga yakan sauko da tsoron ya kwanta. Wanda naira ta ɗaga kuwa har yau ban ga ya dawo ba, kuma abin da ya biyo bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023 da sakin naira a Yuni ya isa shaida.

Yanzu ga maganarku da Yaya. Ta fuskar shari'a, irin wannan haɗin da ake kira mudaraba, uwar kuɗi da kuɗi ake ƙirga ta, riba kuma ita ce abin da ya hau a kai, kuma asarar da ba ta sakaci ba ce a kan mai jari take. Wannan ku kai shi gaban malamin da kuka amince da shi, ba fagena ba ne. Ta fuskar kasuwa dai, abin da kuka raba a 2022 akwai naman jari a ciki, kuma ku biyu kuka ci. Ba zan ce ka biya shi buhu 170 ba. Ba kuma zan wanke ka tas ba, don kai ne a shago, kai ka ga dila yana ƙari kana ci gaba da ɗora 700 a kan farashin jiya. Abin da na ga ya fi kusa da adalci shi ne ku amince a riƙa barin wani kaso na riba a cikin shago, daga rabon kowa, har sito ya koma inda yake, ko inda kuka yarda ya tsaya.

Daga yanzu kuma farashin da za ka sake saro kaya shi ne tushen farashinka, ba wanda ka saro da shi ba. Kafin ka buɗe shago ka kira dila. Na san abin da za ka ce: maƙwabcinka yana sayarwa a tsohon farashi, masu saye za su koma can. Za su koma, na kwana biyu, har kayansa su ƙare ya je ya tarar da abin da kai ka riga ka sani. Kuɗin ciniki kuma kada su kwana da yawa a asusu alhali kaya suna hawa, in kamfani ko dila yana karɓar kuɗi ya rubuta maka kaya a farashin ranar, ka biya ka riƙe takarda. Bashi ka rage wa'adinsa zuwa mako ɗaya ko biyu, kuma farashin bashi ya bambanta da na kuɗi hannu tun a wurin ciniki, a faɗa a yarda kafin kaya su fita, ba a zo daga baya a ce a ƙara ba.

A littafi ka ja wani layi kusa da na naira, ka riƙa rubuta jarinka da buhu da katan da jarka. Ba sabon aiki ba ne, tunda duk shekara kana ƙiyasta kayan shago don fitar da zakka. A wannan ranar ka rubuta adadin kayan, ka mayar da kuɗin hannu da bashin da kake sa ran karɓa zuwa buhu a farashin ranar, ka gwada da na bara, sannan a yi maganar rabo.

Ranar da za ku zauna, kada ka fara da Yukiren. Ka tafi da rasit ɗin dila guda biyu, na farkon Janairu da na ƙarshen Disambar 2022, da littafin bashi na masu burodi, ka ajiye a gabansa, ka ba shi biro ya yi lissafin buhu 100 ɗin nan da hannunsa.